Ɗari Ya Shigo: Me Za Mu Sha, Me Za Mu Ba Baƙo?

  

Ni manomi ne daga ƙasar Magarya. Ban yi lakwal ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi karatu da rubutu, har da ɗan lissafi. Yau ina so mu yi magana a kan abin da muke sha a lokacin ɗari, da abin da muke ba baƙi ranar biki. Wani zai ce: "Ai wannan zancen mata ne, zancen murhu." To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Zancen ya shafi rumbu, ya shafi aljihu, ya shafi lafiyar ƴaƴanmu. Abin shan da ya dace da mu a wannan lokaci yana cikin gonakinmu da fadamunmu. Ba sai mun sayar da hatsi mun sayi ruwan kwalba ba. Amma shi ma na gidan, sai an san yadda ake yin sa.

Yadda ɗari yake zuwa mana

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas. Ita ce hunturu. Busasshiya ce, ba ta da laima ko kaɗan. Tana ɗauko ƙura daga hamada. Mafi yawan ƙurar nan daga wani babban kwari take tasowa a ƙasar Cadi, sunansa Bodele. A zamanin da can ruwan tafkin Cadi ne kwance a wurin, yanzu ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi. Ita ce hazon da muke gani ya rufe rana.

A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40 da rana. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba yakan sauko ƙasa da 15. Mutumin Faransa zai yi dariya, ya ce wannan ba sanyi ba ne. Amma shi yana da bargo da ɗaki mai ɗumi. Yaronmu rigarsa ɗaya ce, kuma a kan tabarma yake kwana. Sai ka ga ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, jiki ya yi fari fat. Mura da tari su cika gari. Tsofaffi su kasa fita sai rana ta ɗaga.

Amma Allah ya haɗa mana sanyin da wadata. A lokacin ne rumbu yake cike. An roro gyaɗa, an cire zoɓo, tsamiya ta nuna a bisa itace. A fadamun Korama, wajen Matamai da Bande da Waca, ana sarar rake. Saboda haka ne aure yake yawa bayan kaka. Samari suna kokowa a dandali. Ranar 18 ga Disamba ana bikin Jamhuriya, wadda aka kafa a 1958. Shi ma azumi, da yake kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11, a cikin Janairu zai faɗo a shekarar 2030, in Allah ya kai mu. Manya sun tuna azumin sanyi na wajajen 1997 zuwa 2000. Ke nan, lokacin da jiki ya fi son abu mai zafi, shi ne kuma lokacin da baƙi suka fi yawa.

Kunu, abokin asuba

A gidan da na tashi, kakata ce take fara tashi. Kafin a fito daga masallaci ta riga ta hura wuta. Mu yara sai mu kewaye murhu, kowa da ludayinsa. Ba ta barin yaro ya kora awaki da ciki wayam. Takan ce: "Sanyi ba ya kayar da mai kunu a ciki." Kwana ɗaya kunun tsamiya, kwana ɗaya koko, ranar Juma'a kunun gyaɗa.

Ga yadda take yin kunun tsamiya, kuma haka ake yi a gidana har yau. A surfa hatsi, a wanke, a jiƙa shi ya kwana. Da safe a niƙa shi da citta da kanumfari da ɗan barkono. A tace da rariya ko ƙyalle mai tsabta. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ne gasara. A jiƙa tsamiya da ruwan ɗumi, a murje, a tace. A dama gasara da ruwan tsamiyar. Sa'an nan a sheƙa mata ruwa yana tafasa, ana juyawa, har ta yi kauri. In an bar gasarar ta ƙara kwana ta yi tsami da kanta, ta zama ta koko.

Kunun gyaɗa ya fi shi ƙarfi. A soya gyaɗa sama-sama, a murje ɓawon, a niƙa. A dama da ruwa, a tace, a ɗora a wuta. In ya tafasa a zuba gasara ko garin shinkafa, ana juyawa don kada ya yi gudaji. A ƙarshe a sa ruwan tsamiya ko lemun tsami. Amma a tsaya a zaɓi gyaɗar tukuna. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, a fid da ita. Tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Gyaɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A shekarun 1960 ita ce kan gaba cikin abin da Nijar take sayar wa ƙasashen waje. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayen ta. Har masana'antar matsar man gyaɗa aka gina a Magarya. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, noman ya durƙushe. A wancan zamani iyayenmu sun noma gyaɗa don biyan haraji. Yanzu ɗan abin da muke samu, ya kamata kafin a kai kasuwa a ajiye rabon tukunyar gida.

Kunun yaro daban yake

Nan ina roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Kowa ya san ƙasarmu tana fama da tamowa. Tun shekarar 2005, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta zo Magarya domin jinyar yara. Duk wanda ya taɓa kai yaro awo ya ga abincin nan na cikin leda da ake ba mai tamowa. Me ke cikinsa? Gyaɗa ce niƙaƙƙiya, da madara, da mai, da sukari, da sinadaran ƙarin jini da ƙarfi. Tushensa dai gyaɗa, irin wadda muke nomawa. Wancan magani ne, ba a yin sa a gida. Amma yana nuna mana darajar abin da ke cikin buhunmu.

Kafin wata 6, jariri nono kaɗai yake bukata. Ba kunu, ba shayi, ba jiƙo, ko ruwa ma ba ya bukata. Bayan wata 6 sai a fara ba shi kunu, ana ci gaba da nono. Cikin yaro ƙarami ne, bai wuce ƙaramin kwano ba. In aka cika shi da kunu mai ruwa-ruwa, cikin ya cika amma jiki bai samu komai ba. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zubewa da sauri. A sa masa cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, ko garin wake soyayye, ko ɗan mai.

In kaurin ya hana yaro haɗiya, kada a ƙara ruwa. Ga dabara. A jiƙa hatsi, a rufe shi da ƙyalle mai laima kwana 2 ko 3 har ya yi tsiro. A shanya, a daka. In kunu ya ɗan huce, a barbaɗa ɗan wannan gari a juya. Nan da nan zai saki, ya yi laushi, alhali ba a rage masa ƙarfi ba. Sai a sake tafasa shi kaɗan kafin a ba yaro. Zuma kuwa, duk da daɗinta, ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. A kuma kula da tukunya: a lokacin sanyi yara suna matsowa bakin wuta, ƙuna tana yawa.

Kunun kanwa da mai jego

Ba duk abin da muka gada ba ne za a sha ido rufe. Kanwa tana zo mana daga ƙasar Manga, wajen Gure da Maine. Tana da amfani a miya da wake, kaɗan-kaɗan. Amma al'adarmu ta ce mai jego ta sha kunun kanwa da yawa, ta yi wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana 40.

Ƙanwata ta haihu a cikin sanyi. Bayan sati uku ƙafafunta suka kumbura. In ta kwanta numfashi ya gagare ta, sai a zaune take kwana. Innarmu ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa. Na ce: "Inna, ki yi mini izini in kai ta gidan likita." Ta ce: "Yaro, da wannan kunun na haife ku duka." Na ce: "Gaskiyarki, Inna. Amma ki dubi ƙafarta." Ta duba, ta yi shiru, ta ɗauko mayafinta muka tafi tare da amalanken shanu. Malamar likita ta auna ta, ta ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. Ta ba da magani, ta hana kanwa, ta ce a rage gishiri. Ƙanwata ta tashi, ga ɗanta nan har ya fara kiwo.

Daga baya na ji cewa tun shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya suka lura da wannan ciwo a jikin mata masu jego a ƙasar Hausa. Sun danganta yawansa da shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce. Tana riƙe ruwa a jiki, zuciya kuma ta sha wahalar tura shi. To, mai jego tana son abu mai zafi, a ba ta. A dama mata kunun gyaɗa, a dama na tsamiya da citta. In an ga kumburi ko haki, a garzaya gidan likita.

Shayi da sukari

Shayi ya shigo mana ta hannun Buzaye da Larabawa. Ganyensa daga ƙasar Sin yake zuwa, sukarinsa ma daga waje. Yanzu ba ƙauyen da za ka shiga ba ka ga samari sun kewaye buta da gawayi ba. Na fari, na biyu, na uku, hira tana tafiya. Ni ma ina sha, ba na ɓoyewa. Shayi yana haɗa zumunci, yana kore barci.

Amma shayi ba abinci ba ne. Saurayin da ya karya da shayi kofi uku, ya tafi fadama ban ruwa, kafin hantsi hannunsa yana rawa. Kuma masana sun tabbatar, shayi in an sha shi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Mai ciki da ƙaramin yaro su ne suka fi bukatar wannan sinadari. Saboda haka a raba shayi da lokacin tuwo, kuma kada a saba wa yaro da shi. Lemun tsami da garin ƴaƴan kuka kuwa suna taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen.

Sai sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini. Wato kamar ƙaramin cokali 12, ko ƙwayar sukarin kwali 10. In ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemu ɗaya takan ɗauki cokali 8 ko 9. Kowa ya ƙidaya ƙwaya nawa yake jefawa a buta. Ciwon sukari da ciwon haƙori ba na ƴan birni kaɗai ba ne. Mazarƙwaila da zuma da dabino sun fi ɗanɗano, amma su ma zaƙi ne, a sa da awo.

Kunyar biki

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A da, in ana aure ko suna, fura da kunu da goro ake fitarwa. Yanzu an ce biki bai cika ba sai da lemun kwalba. Wanda bai iya ba sai ya sayi garin lemu mai launi na cikin ƴar leda, ya kaɗa a ruwa, ya nemo ƙanƙara. A tsakiyar ɗari! Baƙo yana rawar sanyi, an miƙa masa ruwan ƙanƙara, yana sha yana tari, don kada a ce mai gida ya gaza.

Tun da na iya lissafi nake rubuta abin da ke shiga rumbuna da abin da ke fita. Wani maƙwabcina ya kawo mini nasa lissafin in duba masa bayan auren ɗansa. Ban da sadaki da lefe, ya sayar da buhu 2 na hatsi don abin sha kaɗai. Buhu ɗaya tiya 40 ne. Tiya 80 ke nan. A gidansa ana cin tiya 2 a yini. Na ce masa: "Malam, abincin kwana 40 aka sha a wuni ɗaya." Ya ce: "To, yaya zan yi? Surukai daga birni suke." Kowa ya san hatsi a kaka yake araha, a damina yake tsada. A watan Yuli rumbunsa ya ƙare. Sai ya koma ƙwadago a gonar wani don ya auno tiya, tasa gonar ciyawa tana cinye ta. Kwalabe kuwa tun washegarin biki aka mayar wa mai kanti.

Da auren ƴata ya zo, na tara matan gida na ce abin shanmu a tukunya za a yi. Uwargida ta ce: "Malam, ka rufa mana asiri. Mata za su tafi da mu a baki." Yayarta ta ce: "Ƴar fari ce fa. A ce ko kwalba ɗaya ba a fasa ba?" Na ce: "Yaya, daidai ruwa daidai tsaki. Ga littafi, ku duba abin da ke cikin rumbu, ku ƙidaya watannin da suka rage kafin sabon hatsi." Uwargida ta yi ajin yaƙi da jahilci ita ma. Ta karɓi littafin ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta ce: "To, amma in za a yi, a yi mai kyau. Kada ka yi mana rowar citta da kanumfari." Na ce na yarda.

Tukunya uku aka ɗora. Da safe, bayan ɗaurin aure, aka fito wa maza da kunun gyaɗa yana tururi. Da rana aka ba mata ruwan tsamiya da citta. Da dare, ƴan rakiyar amarya suka sha zoɓo mai zafi. Citta da kanumfari da sukari kaɗai na saya. Sauran duk daga gona ne da gindin tsamiya. An samu masu gunaguni, ba a rasa ba. Wata ta ce biki ne na ƙauye. Amma dattawan gidan ango, da suka yi sammako a kan babur cikin iska, sai da suka nemi ƙari. Hatsinmu kuma ya kai mu har muka ga sabo. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Zoɓonmu ya yi nisa

Mu da muke raina zoɓo, bari in gaya muku inda yake zuwa. Muna shuka yakuwa a gefen gona kamar iyaka. Mata ne suke cire furen, su shanya. Ƴan kasuwa su bi ƙauyukan Magarya da Dungas su auna. Daga nan a tsallaka iyaka da shi zuwa kasuwar Maigatari a jihar Jigawa, wadda take ci ranar Alhamis. Can ake tara shi, a gyara, a ɗura a buhuna, a kai bakin teku. Ƙasar da ta fi sayen zoɓon da ke fita ta Najeriya ita ce Meziko, can kusa da Amurka. Suna jiƙa shi su sha tare da abinci.

A Misira da Sudan suna kiran sa karkade. Da sanyi su sha da zafi, da zafi su sha da sanyi. A Senegal sunansa bisap, sunan da ƴan birninmu ma suka ɗauka. A tsibirin Jamaika, inda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suke zaune, zoɓo da citta shi ne abin shan babban bikinsu na Kirsimati a watan Disamba. Su Turawa in sanyinsu ya yi tsanani, giyar inabi suke dafawa da kanumfari da kirfa. Mu Allah ya hutar da mu. Muna da ja mai kyau wanda ba ya gusar da hankali. To, ina dabara a nan: mu sayar da zoɓo na gaske da araha, wasu su kai shi bayan teku, mu kuma mu sayi gari mai launi da tsada?

Ga yadda uwargida take yin zoɓon biki. Zoɓo busasshe cikin tiya ɗaya ya ishi ruwa lita 10. A wanke shi da sauri don a fid da ƙasa. A zuba a tukunya da dakakkiyar citta cikin tafin hannu, da kanumfari kamar ƙwaya 20. A bar shi ya tafasa sosai. A sauke, a tace, a sa zaƙi daidai. Mai na'ana'a ya jefa ganye kaɗan. A sha da ɗuminsa. Mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita, domin zoɓo shi ma yana ɗan saukar da jini.

Ruwan tsamiya da citta ya fi wannan sauƙi. A tafasa ruwa da citta. A sauke, a jefa tsamiya ta jiƙa a ciki. A murje da ludayi, a tace, a sa mazarƙwaila ko sukari. Wanda yake da aya ya yi kunun aya da dabino, amma shi ba ya kwana, ranar da aka yi ranar ake shanye shi.

Tsabta ita ce gishirin aikin

Babbar falalar abin sha mai zafi ita ce ruwansa ya tafasa. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Garin lemu kuwa da ɗanyen ruwa ake kaɗa shi, ƙanƙarar ma ba mu san ruwan da aka yi ta da shi ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta ɓarke a ƙasarmu, jihar Damagaram tana cikin waɗanda ta taɓa. Wurin taro ne irin wannan cuta take samun hanya. Randa ɗaya marar kyau ta isa ta kwantar da unguwa.

Saboda haka, bayan an sauke tukunya kada a sirka da ɗanyen ruwa. A rufe ta. Mai rabo ta wanke hannu da sabulu. A ɗiba da ludayi mai dogon hannu. Mai ƙulla zoɓo a leda kada ta hura ledar da baki. Mai tari a ba shi kofinsa daban.

Kuma a tuna, citta tana ɗumama jiki, tana sassauta maƙogwaro, amma ba ta maganin kowace cuta. Lokacin ƙura lokacin sanƙarau ne. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, an ƙidaya mutum 559 da suka kamu da ita a jihar Damagaram, 18 suka rasu. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari yana shiga ciki, ba lokacin dafa citta ba ne. A ɗauke shi zuwa gidan likita a ranar. In masu allurar rigakafi sun zo gari, a fito da yara.

Kira ga ƴan'uwa

Ƴan'uwa, baƙonka annabinka, ba wanda ya ce a wulaƙanta baƙo. Amma girmama baƙo shi ne ka ba shi abin da jikinsa yake so, mai tsabta, da fuska a sake. Mutum ɗaya yana jin kunyar ya fara. In mai gari da liman da shugabar mata suka zauna suka ce a garinmu bikin sanyi da kunu da zoɓo za a yi, kunya ta ƙare ga kowa, talaka ya huta.

Kafin ka kai zoɓo da gyaɗa kasuwa bana, ware na gida. Kafin ka buɗe rumbu don biki, ɗauki alƙalami ka ƙidaya tiya nawa za ta fita, da kwana nawa suka rage kafin kaka. Amfanin karatun da muka koya ke nan. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa matan gidansa da maƙwabtansa. Mata kuma, kowace tana da dabarar da ta gada wajen uwarta. Ku rubuto wa jarida yadda ake yi a garinku, daga Sasumburum har Malawa, domin mu ƙaru da juna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka. Wassalam.